Ɗakin Kawu na Saman Bene

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya baƙunta, ya fama da marasa lafiya? Ni dai jiki da sauƙi. Ƙafa na tafiya, ciki na karɓar abinci. Ido ne kawai ya ajiye aiki.

Kada ki ga rubutu ya canza ki tsorata. Hannun Malama ne. Ofishin kula da tsofaffi masu matsalar ido ne ya turo ta, tana zuwa min Talata da Alhamis. Ni ke faɗa, ita ke rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara min magana.

Likita ya gama nasa bayani. Ya ce jijiyar ce ta mutu, ba tabarau, ba tiyata. Na dama ya rufe ruf, na hagu kuwa haske da inuwa kawai yake nuna min, kamar mai leƙe ta cikin labule mai kauri. Ki duba fa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana rubuta wa mutane allunan shaguna, yau lambar ƙofarsa ta gagare shi.

Ranar da Malama ta fara zuwa na ɗauka 'yar aiki aka kawo min. Na ce mata ga tsintsiya can bayan ƙofa. Ta ce, "Baba, ba shara na zo yi maka ba. Na zo ne ka koyi yin sharar da kanka." Na ce ashe horo aka aiko min. Ga ta nan tana dariya tana rubutawa.

Ta naɗe kafet ɗin tsakar ɗaki ta jingine, wai shi ke kayar da mutane. Ta ɗiga wani gam mai tauri a makunnin murhun gas, in na shafa na ji ɗigon a sama, to a kashe yake. Kwalbar maganin safe ta ɗaura mata roba ɗaya, ta yamma biyu. Ta ce ƙofa ko dai a rufe ta duka ko a buɗe ta duka, rabi-da-rabi shi ke fasa goshi. Wannan kam goshina ya riga ta gaya min.

Yayanki ya dage sai na koma gidansa. Na san ɗana, tausayi ne, amma na ƙi. A ɗakin nan na rene ki bayan rasuwar ƙanwata, a nan matata ta cika. Na san kowace kusurwa. In mai shagon ƙasa ya ɗaga ƙofar ƙarfensa na san gari ya waye. Ofishin sun ce taimakon nasu na wanda zai iya zama shi kaɗai ne, kuma ni na yi niyyar iyawa.

Kada ki wahalar da kanki da kiran waya. Kin san kunnena da waya ba sa shiri, wannan mai gilashin da yayanki ya saya min kuwa shafa ta nake kamar faranti. Ki rubuto, Malama za ta karanta min.

Kawunki

*

Kawuna,

Wa'alaikumus salam. Na samu wasiƙarka, na karanta ta a tsaye a bakin ɗakin canza kaya, na sake karantawa a mota. Lafiyata ƙalau, sai gajiya. Ma'aikatan jinya sun yi ƙaranci a sashenmu, mutum ɗaya ke aikin mutum biyu. Na nemi hutu, an ce in jira tukuna.

Malama, tunda ke za ki karanta, ina gaishe ki. Allah ya saka miki da alheri. Ki yi haƙuri da shi, baki ne da shi amma ba shi da riƙo.

Kawu, ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka. Ba don idon kaɗai ba. Na tuna yadda kake riƙe min hannu kana koya min jan layin harafi a kan katako, kana cewa hannuna kamar na mai yankan kabewa. Yanzu a ce wani ke riƙe maka alƙalami.

Amma maganar benen nan tana damuna. A wurin aikina kullum sai an kawo tsoho da karayar ƙugu, kuma yawancinsu daga matakala ne ko banɗaki. Wasu ba sa sake takawa. Ban ce ka koma gidan Yaya ba, na san abin da ɗakin yake a wurinka. Roƙona kawai, kada ka sauka kai kaɗai. Kuma in wani abu ya faru, komai ƙanƙantarsa, ka gaya min. Na san halinka na ɓoye ciwo. Ka yi min wannan alkawarin.

Gas ɗin fa? Ba za a iya samun wanda zai riƙa kawo maka abinci ba?

'Yarka

*

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya, ina fata kema haka. Dubi rubutun nan da kyau. Nawa ne!

Malama ta kawo min wani kwali mai tsaga-tsaga. Ana ɗora shi a kan takarda, sai in bi tsagar da alƙalami, in na kai ƙarshe in sauko ta ƙasa. Na san haruffan ba za su yi kyau kamar da ba, amma hannu bai manta ba. Ita ma ba ta san ina rubuta wannan ba. Ni zan naɗe, ni zan liƙe, in ba mai shago ya kai min gidan waya.

Kin yi shiru kwana biyu, ni ma na yi. Karatu ne ya yi min yawa. Yanzu ina haɗa shayina. Ana sa yatsa a bakin kofi, in ɗumi ya taɓa shi a tsaya. Na ƙone sau da yawa kafin na iya. Ina soya ƙwai, ina jin lokacin juyawa da kunne. Ina wanke kwanona, ina aske gemuna. Riguna masu duhu Malama ta sa musu fil a cikin wuya don kada in fita kamar allon talla.

Maganar mai kawo abinci ki bar ta. In aka kawo min abinci yau, gobe za a kawo mai ba ni a baki.

Farar sanda ce na ƙi da farko. Na ce ba zan yi ta yawo ina sanar da unguwa ba. Malama ta ce, "Baba, unguwa ta riga ta sani. Kai ne ba ka yarda ba." Ta faɗi gaskiya mai ɗaci. Yanzu ina fita da ita.

Kin ce kada in sauka ni kaɗai, kin kuma ce kada in ɓoye miki komai. Na farkon ban cika ba, bari in cika na biyun. Ranar Asabar na sauka sayen burodi. Na je lafiya, mai shago har tafi ya yi min. A dawowa muka yi kiciɓis da mai gidan hayar a tsakiyar bene. Ya sake ɗauko maganarsa, wai makaho bai dace da saman bene ba, wai tausayina yake ji. Alhali kowa ya san ƙaninsa yake son sawa a ɗakin. Raina ya ɓaci. Uwata, a nan kan matakalar, a gaban maƙwabciyarmu mai wanki, na faɗi

*

Kawu,

Sallama. Ya jikin? Ina ne ya bugu? Kai ne, ko ƙugu, ko hannu? An kai ka asibiti?

Wasiƙarka ta iso min jiya. Na ga rubutunka na yi murna kamar in yi ihu, sai na kai inda ka ce ka faɗi a kan matakala. Daga nan ba komai, Kawu. Sauran shafin fari fat, da wasu shafuka biyu su ma farare. Na ce ko hannun ne ya kasa ci gaba saboda ciwo. Na duba hatimin gidan waya, wasiƙar ta daɗe a hanya. Duk tsawon lokacin nan ban san halin da kake ciki ba.

Na kira wayarka, a kashe. Ba ni da lambar Malama. Sai na kira Yaya. Ya ce bai san komai ba, ka ɓoye masa. Ya ce zai taso, kuma zai sanar da ofishin. Na ce masa ya yi.

Na san za ka ji haushina. Ka ji. Gara ka yi fushi da ni kana raye da a kira ni a ce an tsince ka a ƙasan bene. Ba ni da kowa bayan kai, Kawu. Na gaya maka kada ka sauka.

Malama, don Allah ki rubuto min gaskiyar abin da ya same shi. Kada ki bari ya sa ki rage.

'Yarka

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Jikina lafiya lau, ba karaya ba targaɗe. Malama ce ke rubutu, kuma wannan ne zuwanta na ƙarshe.

Wasiƙarki ta zo bayan komai ya riga ya faru. Da Malama ta karanta min ne na fahimci daga ina abin ya taso.

Ban faɗi ƙasa ba, Uwata. Magana na faɗi. Abin da na rubuta shi ne, na faɗi abin da ke raina ban rage komai ba. Na ce wa mai gida ba inda za ni, na wuce shi na hau sama da ƙafata, har mai wanki tana cewa, "Ka burge ni, Baba." Shafi biyu na cika ina ba ki labarin, ina dariya ni kaɗai. Ashe tawada ta ƙare tun a tsakiya. Ina ta jan busasshen alƙalami a kan takarda ban sani ba.

Yayanki ya iso hankali a tashe. Na rantse masa ban faɗi ba. Ya ɗaga ƙafar wandona ya ga tabo a ƙwauri, na gefen gado ne, tsoho. Ya ce, "Baba, har yaushe za ka riƙa ɓoye min?" Ya sauka ya tambayi mai gida. Mai gida ya ce ai da ba don ya tare ni ba da yanzu wani zancen ake. Mai wanki ta yi tafiya, ba wanda zai ƙaryata shi.

Ofishin suka turo mai bincike. Malama ta gaya masa abin da na iya, amma ranar Asabar ba ta nan, ba ta da shaida. Ya ce in haɗa shayi ya gani. Abin da nake yi kullum! Amma ɗakin cike da mutane, kowa ya yi tsit yana kallona, ina jin numfashinsu. Yayanki ya jawo wa baƙon kujera tsakar ɗaki bai gaya min ba. Na yi karo da ita. Daga nan na rikice. Na zuba ruwan ya wuce kofi ya malale a tebur. Na juya zan nemi tsumma, sai na ji mai binciken ya taso ya kashe gas ɗin da kansa. Bai yi min faɗa ba. Muryarsa ma mai taushi ce. Ya ce, "Sannu, Baba, zauna ka huta."

Sun yanke cewa zama ni kaɗai a saman bene haɗari ne. Yayanki ya riga ya gaya wa mai gida za mu tashi. Yanzu haka kayana na cikin kwalaye, ban san abin da ke cikin wanne ba.

Ba na fushi da ke. Na so in yi, na nema ban samu ba. Ke kin karanta abin da ya iso miki ne.

Malama ta ce in dakata, wai wani abu ya faɗa mata a ido.

Kawunki

*

Kawuna,

Sallama. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya da iyalinsa. Ban san wa zai karanta maka wannan ba. Ko wane ne, don Allah ya karanta duka.

Da na gama wasiƙarka na ɗauko waɗancan fararen shafukan na kai su bakin taga. Shatin alƙalaminka na nan. Na goga fensir a hankali a kai, sai ga kalmomin suna fitowa. Na ga inda ka ce ka hau benen kamar saurayi. Na ga inda ka ce in na zo hutu kai za ka dafa min shinkafa. Tun ranar farko takardar na hannuna, Kawu. Ban duba ba. Waya na ɗauka.

Ka yafe min. Ka ce ba ka fushi, amma ni ban iya cin abinci.

Na rubuta wa ofishin, na aika musu hoton shafukan. Sun amsa da ladabi. Sun ce ba faɗuwar kaɗai suka duba ba, har da abin da mai bincikensu ya gani. Sun ce tunda yanzu kana tare da iyali, akwai waɗanda ba su da kowa a gabanka a layi. Na kira su, matar ta saurare ni har na gama, ta ce ta fahimta, amma ba ta da ikon canza komai.

Na roƙi Yaya ya koma wurin mai gida. Ya ce ƙanin ya riga ya tare, har an yi fenti.

Ina neman a maida ni asibitin da ke kusa da ku. In na samu zan kama ɗaki a ƙasa, ba bene, mu zauna tare, ka yi shayinka da kanka. An ce irin wannan canjin yana ɗaukar lokaci. Ka riƙe abin da Malama ta koya maka kafin nan. Kada ka bari hannunka ya manta.

'Yarka

*

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, Baba ma da sauƙi. Na ga wasiƙunki sun taru ba amsa, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Ni ke karanta masa su in na samu lokaci. Gaskiya wasu wuraren tsallakewa nake, don duk ranar da aka ambaci tsohon ɗakin nan ba ya cin abinci. Ki daina tayar masa da hankali da alkawarin da ba ki san ranar cika shi ba.

Baba bai rasa komai ba. Ɗakinsa na da banɗaki a ciki. Matata ke kai masa abinci har gado. Ba ma barin sa ya shiga kicin, ina da yara ƙanana, ba zan yi wasa da gas ba. Sandar na ajiye masa a saman durowa don yaran suna ɗauka suna wasa, kuma a cikin gida ba ya buƙatar ta.

Na yarda bai faɗi ba a wannan ranar. To gobe fa? Ke kina nesa, ni za a kira. Kada ki ga laifin kanki, kada kuma ki ga nawa. Ubana ne.

Yayanki

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Kin daɗe ba ki ji ni ba. Malama ce ta zo duba ni ranar hutunta, don kanta, ba ofis ya aiko ta ba. Mota biyu ta hau. Na ce tunda Allah ya kawo hannu, bari in yi magana.

Lafiya dai ga ta nan. Likita ya ce hawan jini ya sauka. Ɗan hasken da ke idon hagu shi ma ya tafi, ban ma san ranar da ya tafi ba, don ɗakin nan tagarsa katanga take kallo.

Ba wanda ya wulaƙanta ni, ki ji wannan da kyau. Surukata mutuniyar kirki ce. Tana gyara ɗakin kullum, kuma kullum sai komai ya canza wuri. In na ajiye kofi a dama, in na nema yana hagu. Na yi magana, ta ce, "Baba, ka kira ni kawai in miƙo maka." To ina kira. Da farko ina jin nauyi, yanzu na daina ji.

Malama ta sa an kawo ruwan zafi ta ce in zuba ta gani. Na riƙe butar na kasa. Ba hannun ba ne, zuciyar ce ta ƙi. Ta ce a sake gwadawa. Na ce ta bar shi. Sai ta zuba mana da kanta. Ita da ta ce ba aiki ta zo yi min ba.

Maganar ɗakin da za ki kama, Allah ya yi miki albarka. Amma ki tsaya a aikinki. Mutumin da kike son kama wa ɗaki ba shi ne a nan ba. Wancan yana sauka sayen burodi. Ni banɗakin da ke cikin ɗakina ma sai na lalubi bango, don ƙafafuna sun yi sanyi da zama. Kada ki bar wurin da kika sha wuya kika samu ki zo ki yi jinyar abin da ba ya warkewa. Wannan umarni ne, ba shawara ba.

Abu ɗaya nake roƙo, in an ba ki hutun. In kin shigo ki ce ke ce. In za ki fita ki ce kin fita. A gidan nan mutane suna shigowa ba sauti, suna fita ba sauti, ba da mugunta ba, mantawa suke. Shekaranjiya yayanki ya zauna a bakin gadona, na ji daɗi, na ɗauko masa labarin ranar da aka haife shi, yadda na bar allon wani mai kanti rabi ba a gama ba na ruga asibiti da fenti a hannu. Na daɗe ina ba shi, har ina dariya. Da na kai ƙarshe na ce, "Ka ji fa?" Ba amsa. Na miƙa hannu na shafa wurin da ya zauna. Katifar har ta huce.

Malama za ta tafi kada ta rasa mota. Ta gaya min za ta fita.

Kawunki